Ruwan Ƙofar Gwamma

A wani daji da ya yi ta gangara har ya tsoma ƙafa a teku, akwai wani lungu inda kogi yake ƙarasa tafiyarsa. Nan wata tsohuwar ƙaguwa take, sunanta Gwamma, raminta yana gindin wani icce mai saiwoyi a cikin taɓo. Bana Gwamma tana ɗauke da ƙwai fal, kuma ta san su ne na ƙarshe, don ƙafafunta sun fara ba ta labari. Ƙaguwa kuwa ba ta zuba ƙwai inda ta ga dama. Sai wata ya cika, teku ya tumbatsa ya shigo har bakin rami, sannan ta sake su a ruwan ƙofarta. Na bara haka ta sake su, suka mutu ƙarƙaf, ko ɗaya bai motsa ba. Ruwan ne ya kashe su.

Shi ruwan ba don kansa ya lalace ba, aikin dangin kwasakwasa ne, tsuntsayen nan masu jaka a ƙarƙashin baki. Su ne manyan masuntan wurin, kuma suntarsu ba ta da zaɓe. Kowa zai buɗe baki ya kwashi duk abin da ya tarar, babba da ƙarami, mai ƙwai da ɗan jiya. Sai sun sauka kan yashi su tsince manyan tarwaɗa da karfasa, lokacin kuwa ƙananan sun riga sun mutu a jaka. Su da kawuna da hanji, duk a watsa su ruwa don jaka ta yi sauƙi a koma wata kwasar. Gudun ruwa ya tattaro su ya jibge a lungun Gwamma. Ruwan ya yi kauri, ya yi kore, yana tashin wani irin ɗoyi da ko ƙuda sai ya yi shawara kafin ya sauka.

Dabbobin wurin suna da majalisa, ana ce mata Majalisar Ruwa, shugabarta Magajiya Dorina. Majalisar tana da al'adu biyu tun na kakanni. Ta farko, zama zagaye yake yi gida gida. Duk mai rami ko sheƙa a bakin ruwa yana da ranarsa, a zo a zauna a ƙofarsa. Ta biyu, ba mai yin magana sai ya kurɓi ruwan ƙofar mai masauki ya haɗiye, ya ce, “Ruwanka ruwana.” Wanda ya tofar da shi ya zagi gidan, ya bar majalisa ke nan. Wanda kuma bai yi magana ba, ana ɗauka ya yarda da duk abin da aka yanke.

To amma da zamani ya yi nisa, sai wani ladabi ya shigo. In ɗan aike ya je ƙofar ƙaramin dabba ya ce zagaye ya iso, sai mai gidan ya sunkuyar da kai ya ce, “Gidana ya yi kaɗan, na bar wa manya.” Manyan kuma su tafi Dutsen Sanyi, inda wata maɓuɓɓuga take fitar da ruwa garai garai, su kurɓa su yi ta tsara zance. Da sun so da tuni sun daina aika ɗan aiken ma, amma ina! Daɗin jin amsar nan ba zai bar su ba.

Can Dutsen Sanyi Gwamma ta fara kai kukanta. Ta ja ƙafa a kaikaice ta hau, ta kurɓi ruwa, ta faɗi duk abin da ke faruwa, har da abin da ya sami ƙwayayen bara. Da ta gama, sai Jatau ya miƙe, shi ne babban kwasakwasa, fari sol, ƙirji a gaba. Ya kurɓa, ya gyara murya.

“Ranki ya daɗe, Magajiya, na saurari Gwaggo Gwamma, kuma wallahi na tausaya mata. Tsufa ba daɗi. Amma a yi mana adalci. Mu ne muke ciyar da rabin dajin nan. In aka ce sai mun tsaya muna tambayar kowane kifi shekarunsa kafin mu kwasa, wa zai ci abinci? Abin da muke mayarwa ruwa kuwa, daga ruwa ya fito, gida muka maishe shi. Ni a ganina ma sadaka ce. Su ƙaguwa ba mushe suke ci ba? Muna kai musu har ƙofa, ba ko sisi, yau kuma a ce mun yi laifi. Ruwan lungun nan lafiyarsa lau. Ni da kaina, ko yanzu aka kawo shi, zan sha in ƙara.”

Aka yi ta kaɗa kai ana cewa magana ta yi. Gwamma ta ce, “Loma ɗaya abinci ce, Jatau. Abin da kuke kawo mana ba loma ba ce, binne mu kuke yi.” Amma muryar ƙaguwa ba ta da nisa, kuma rana ta fara zafi, manya sun fara hamma.

Duk da haka majalisa ba ta tashi hannu sake ba, a'a, ta yi doka. Aka ce daga yau kada wanda ya ƙara zubar da mataccen kifi ko tarkacensa a inda ido zai hango daga Dutsen Sanyi. Aka kuma naɗa mai duba ruwa, wato Babba-da-jaka, dogon tsuntsun nan mai sanƙo wanda dama shi ne ɗan aiken majalisa. Aka yi tafi, aka yi wa Gwamma barka. Ita ma baiwar Allah har da godiyarta.

Washegari dangin kwasakwasa suka bi doka sau da ƙafa. Suka daina zubarwa a gaban dutse, suka koma bayan tsibiri, inda ido ba ya kaiwa. Bayan tsibirin nan kuwa nan ne ainihin hanyar ruwan da ke miƙewa zuwa lungu. Abin da a da yake isowa da yamma, yanzu da hantsi yake isowa. Shi kuma mai duba ruwa kullum sai ya zo dubawa, gaskiya ba ya fashi. Zai tsaya a bakin lungu ya zaɓi masu maiƙo a cikin tarkacen ya haɗiye, ya share baki a fiffike, ya koma ya shaida wa Magajiya cewa ya duba, abin da ya gani bai kai a tayar da hankali ba. Kafin a ce haka wuyansa ya yi kitse, har tashi sama yana yi masa wuya.

Wata yana ta girma. Kullum da magariba Gwamma takan leƙo ta dube shi, ta shafa cikinta. Tana jin ƙwayayen suna motsi, suna shirin fitowa, ita kuwa ta san abin da ke jiransu a ƙofa.

Maƙwabciyarta Tabawa, wata kififiya, wato kunkurun ruwa, da suka tsufa tare, ta ce mata, “Ki kwashe su ki tafi wani lungun mana, Gwamma.”

“Da waɗanne ƙafafun? Kafin in kai rabin hanya sun zube a tudu. Kuma ina ne ruwan bai kai ba? Ke ba ga idonki nan ba, kullum yana ruwa?”

“To sai haƙuri. Manya sun riga sun yi doka.”

“Haƙuri na yi bara,” in ji Gwamma. “Kin ga abin da ya haifa mini.”

Suna cikin haka sai ga Babba-da-jaka yana tafe yana rangaji, ciki a gaba. Ya tsaya a bakin ramin, ko kallonta bai yi ba, ya rera abin da ya saba rerawa a kowace ƙofa: “Mai gida, zagaye ya iso ƙofarki.” Har ya ɗaga ƙafa zai wuce, don ya san amsa.

Gwamma ta buɗe baki za ta faɗi abin da uwarta da kakarta suka saba faɗa. Kalmomin suna kan harshenta. Sai wani kan tarwaɗa da ya kumbura ya taso ya daki bakin raminta. Ta dube shi, ta dubi ruwan.

Ta ce, “Na karɓa. A zo.”

Babba-da-jaka ya tsaya da ƙafa ɗaya a sama. “Me kika ce, Gwaggo?”

“Na ce bismilla. Gidana ne, ranata ce, a zo a zauna.”

“Haba Gwaggo! Nan? Ina Magajiya za ta zauna? Ai gidanki ya yi kaɗan.”

“Ni ce zan faɗi haka, ba kai ba, kuma ban faɗa ba. Fili ga shi nan har bakin teku. Ruwan sha kuwa, kai ne shaida, ka ce lafiyarsa lau.”

Da ya tafi, Tabawa ta fito da wuyanta gaba ɗaya, abin da ta daɗe ba ta yi ba. “Gwamma, kin haukace? Dorina fa! In ta fusata ta taka raminki, wa zai tambaye ta?”

“In ta taka, ta taka ni da su a rana ɗaya,” in ji Gwamma. “Ya fi mini in sake tsayawa ina kallo.”

Labari ya game daji. Manya suka yi ta kai da kawowa, ana neman hanyar da za a bi a kauce. Wani ya ce a ɗage zama, wani ya ce a aika wa tsohuwar da ɗan abin lallashi. Amma Magajiya Dorina, duk da son hutunta, tana da abu ɗaya: ba ta yarda a ce a zamaninta aka karya al'adar kakanni. Ta ce mai gida ta karɓa, magana ta ƙare.

Ranar zama ta faɗo da rana tsaka, ruwa ya janye, lungu ya dahu. Tun daga nesa aka fara jin tari. Zalɓe ya zo yana ɗaga ƙafa kamar mai tsallake kwata. Karen ruwa ya toshe hanci da hannu biyu. Kada, wanda bai taɓa ƙyamar komai ba, ya samu gefe ya juya baya. Ƙananan dabbobi kuwa, kwaɗi da ƙaguwoyi da 'yan tsuntsayen bakin ruwa, suka cika saiwoyi maƙil, don ba su taɓa ganin majalisa a unguwarsu ba. Gwamma ta share ƙofarta tsaf, tana yi wa kowa maraba da fara'a, har da tambayar ya hanya.

Shugaba ce ke buɗe zama, saboda haka ita ce farkon kurɓa. Kurɓar dorina kuwa ba ta wasa ba ce, abin da take kira kurɓa zai cika tulu. Magajiya ta dubi ruwan, ta dubi taron da ya zuba mata ido, ta sunkuya ta kurɓa. Kunnuwanta suka kaɗa, idanunta suka kaɗa suka yi jajir, wuyanta ya yi ta kokawa da abin da ke cikinsa, har dai ta haɗiye.

“Ruwanki ruwana,” in ji ta, a shaƙe. Sannan ta juya a hankali. “Ina mai duba ruwa?”

Babba-da-jaka ya matso. Shi fa bai ga abin damuwa ba. Ya tsoma baki ya zuƙa, ya haɗiye, har da lasar baki, ya ƙara na biyu ba wanda ya sa shi. “Ruwanki ruwana. Ranki ya daɗe, kamar yadda na sha faɗa, ni ban ji komai ba. In ma akwai wani abu, to ɗan gardi ne.”

Wani kwaɗo ya fashe da dariya, saura suka ɗauka. Magajiya ba ta yi dariya ba. Ta ce, “Yau na san wanda muka ba duba ruwa. Koma gefe. Mai gida, bismilla.”

Gwamma ta kurɓa ba tare da ta yamutsa fuska ba, ai shi take sha safe da yamma. Ta hau kan wata saiwa inda kowa zai gan ta.

“Ranki ya daɗe, na gode da kika taka ƙofata. Ba ni da abin da zan tarbe ku da shi sai abin da ake aiko mini, shi na ba ku. Kin sha sau ɗaya. Mu nan da shi muke kwana, da shi muke tashi. Bara na zuba 'ya'yana a cikinsa, na tsaya ina kallo suna juyewa ɗaya bayan ɗaya, ban iya yi musu komai ba. Ga wasu nan a cikina, wata ya kusa cika, kuma bayansu ba ni da wasu. Ban ce kada a yi su ba, kowa da abincinsa. Abin da nake roƙo shi ne, ƙaramin kifin da ba a so, a sake shi nan take inda aka kama shi, tun yana da rai. Wanda ya mutu a jaka kuwa, da kai da hanji da ƙaya, wanda ya kwasa ya ɗauki abinsa ya kai tudu. Kada a ƙara zuba shi a ruwa, ko a gaban dutse ko a bayan tsibiri, ko ana gani ko ba a gani. Iyakar maganata ke nan.”

Magajiya ta ce, “An ji. Akwai mai ja?”

Duk ido ya koma kan Jatau. Ya zo da jawabinsa a shirye, tun kwanaki yake gyara shi, an ce har da wurin da zai yi hawaye. Danginsa suna bayansa a jere suna jira. Abu ɗaya ne kawai tsakaninsa da jawabin.

Gwamma ta ce da murya mai taushi, “Bismilla, Jatau. Ka ce ko yanzu aka kawo za ka sha ka ƙara. Ba a kawo ba, kai ka zo.”

Jatau ya yi murmushin yaƙe. A ransa ya ce ɗan ɗigo zai taɓa da tsinin baki, ya runtse ido ya haɗiye, a wuce wurin. To amma bakin da ya shekara yana kwasa bai san ɗigo ba. Yana tsoma shi, jakar ta buɗe da kanta yadda ta saba, ta kwaso ruwa da duk abin da ke cikinsa, kawuna da hanji da 'yan kifayen da suka narke. Ya ɗago da jaka tim, tana reto.

Tirƙashi! Haɗiyewa dai ba za ta yiwu ba, ko ya mutu ya dawo. Tofarwa kuma barin majalisa ce, a gaban kwaɗi. Ya tsaya ƙiƙam, idanu sun firfito, hawayen da ya tanada don jawabi suna zuba tun ba a zo wurinsu ba. Ya waiga wajen danginsa ko wani zai fito ya karɓe shi. Kowannensu ya sami abin kallo a sararin sama.

Magajiya ta ce, “Jatau, muna sauraronka.” Ta jira. Wallahi ta jira har fiye da yadda ake bukata, kuma duk wanda ya ga fuskarta ya san tana jin daɗin jiran. “Ba magana? Sauran dangi fa, akwai mai kurɓa?” Ba wanda ya motsa. “To shiru yarda ce, haka muka gada. Abin da mai gida ta roƙa ya zama doka. Jatau, abin da ke jakarka kai ka kwasa, kuma asali ma naka ne. Na yafe maka haɗiya. Ga tudu can, kai za ka fara.”

Lungu ya kaure da sowa. Kwaɗi suna tsalle, ƙaguwoyi suna buga hannuwa, Tabawa tana rangaɗa guɗa da muryar da ba wanda ya san tana da ita. Jatau ya tashi da ƙyar, jaka tana rinjayarsa, ya nufi tudu. Magajiya ta ce tunda dangi sun yi shiru tare, su yi aiki tare, kada kowa ya koma su sai an kwashe lungun tas. Haka suka wuni suna jigila, farare sol ɗin nan duk sun koma kalar taɓo. Babba-da-jaka kuwa aka sauke shi daga duba ruwa aka ba shi kula da ramin da ake zubawa a tudu. Bai yi fushi ba ko kaɗan, ya ce dama can aikin da yake yi ke nan.

Abin mamaki, da ɗaukar tarkace zuwa tudu ta zama dole, sai ga shi bakin kwasakwasa ya koyi zaɓe. Ashe ana iya karkata baki ƙanana su zube da ransu, ashe ba ya cin wani lokaci. Wahalar tashi da jaka mai nauyi ta koyar da abin da kukan tsohuwa bai koyar ba.

Ruwa ya shiga ya fita, ya shiga ya fita, yana wanke lungu, har aka fara hango yashin ƙasa. Da wata ya cika, teku ya tumbatsa da asuba ya shigo har bakin ramin Gwamma, mai sanyi, mai ƙamshin gishiri. Ta fito ta tsaya a ciki, ta miƙe a kan ƙafafunta, ta girgiza. Ƙwayayen suka bazu kamar an watsa gero. Ta ƙura musu ido. Sai ta ga ɗaya ya motsa, sai wani, sai ruwan gaba ɗaya ya ɗauki motsi.

“Tabawa!” ta ƙwala kira. “Tabawa, fito ki gani, suna iyo! Wallahi suna iyo!” Tana dariya tana kuka, ba ta ma san wanne take yi ba.

Da shekara ta zagayo, waɗanda suka rayu suka dawo lungun uwarsu, ba sa ƙirguwa. Kowanne ya haƙa raminsa, tun daga gindin icce har bakin tsibiri. Kowane rami kuwa gida ne, kowane gida yana da ranarsa a zagaye, kuma duk cikinsu ba wanda uwarsa ta koya wa cewa gidansa ya yi kaɗan. Dutsen Sanyi har ciyawa ta fito a wurin zaman manya.

Yanzu in ka bi ta lungun da sassafe, za ka iya ganin Jatau da kansa yana sintiri a bakin ruwa. Ko ƙaya ɗaya ya hango tana yawo, sai ya tsince ta ya kai tudu, ba wanda ya sa shi. Masu yabo suna cewa Allah ne ya gyara masa zuciya. Gwamma ba ta taɓa musa musu ba, takan dai tambaya ne a ƙofar wa za a zauna gobe.